Ƴan amshin inji: sharhi a kan fim ɗin «Fake Famous» na Nick Bilton

A ƙarshen zangon karatu na biyu, ƙungiyarmu ta malamai masu raya al'adu ta zauna don tsai da mawaƙin da za a gayyato ranar rufe makon al'adu. Sunaye biyu ne a gabanmu. Ɗaya dattijo ne mai gurmi, wanda duk mai biki a unguwarmu ya san muryarsa shekara ashirin da suka wuce. Ɗayan kuma saurayi ne da yawancinmu ba mu taɓa gani ido da ido ba. Ana cikin muhawara sai wani matashin malami ya zaro salularsa, ya ɗaga ta sama, ya ce saurayin yana da mabiya dubu 80 a Instagram, dattijon kuwa ko shafi ba shi da shi. Ɗakin ya yi tsit. Mu da muke kwana muna koya wa yara su tambayi kowane rubutu wa ya rubuta shi, don me, kuma wa yake so ya ruɗa, ba wanda ya buɗe baki ya tambayi wannan lamba daga ina ta fito. Ni ma ban tambaya ba. Wannan shirun ne ya sa na koma na sake kallon wani fim da na taɓa kallo sama-sama, kuma shi ne dalilin wannan sharhi.

Fim ɗin na gaskiya ne, wato ba ƙagaggen labari ba, sunansa «Fake Famous», abin da za mu iya fassarawa da «shahara ta jabu». Tashar HBO ta Amurka ce ta fara nuna shi a watan Fabrairu na 2021, kuma bai cika awa ɗaya da rabi ba. Wanda ya shirya shi, Nick Bilton, ɗan jarida ne da ya daɗe yana rubutu a kan kamfanonin fasahar zamani a jaridar New York Times da mujallar Vanity Fair, kuma shi ya rubuta littafi a kan kafuwar Twitter a 2013. Saboda haka ya san gidan tun daga zaure har ƙurya. Dabarar fim ɗin mai sauƙi ce. An yi shela a birnin Los Anjalas cewa duk mai son ya shahara ya zo. Dubban mutane suka amsa. Aka zaɓi uku waɗanda ba kowa ya san su ba: wata budurwa mai burin wasan fim tana aikin sayar da tufafi, wani saurayi mai tsara tufafi, da wani mai taimaka wa dillalin gidaje. Sai Bilton ya shiga saya musu mabiya, da alamun so, da sharhi, duk na inji, don a ga ko ƙarya za ta iya haifar da gaskiya.

Ya kamata a bayyana wa mai karatu abin da ake saye. Akwai kamfanoni da suke da rumbun shafukan bogi, dubbai ko miliyoyi, waɗanda kwamfuta ke tafiyar da su. Kowane shafi yana da suna, da hoto, wani lokaci har da ɗan tarihin rayuwa, amma babu mutum a bayansa. Ana ce musu bot; ni na fi son in kira su mutum-mutumi, domin aikinsu ɗaya ne da na wanda muke kafawa a gonar gero: a hango shi daga nesa a zaci akwai mutum. Mai saye ya biya, a ba mutum-mutumin umurni, cikin awoyi lambar da ke saman shafinsa ta kumbura. A cikin fim ɗin an nuna Bilton ya sayi mabiya 7,500 da alamun so 2,500 a kan dalar Amurka kusan 120, wato wajen jika 65 na kuɗinmu a canjin lokacin. (Na ce dalar Amurka don kada ɗan Maraɗi ya ɗauka dalarmu ta sefa biyar ce, ya ruga kasuwa.) Kuɗin da bai kai na rago mai kyau ba a jajibirin layya, da shi aka sayi jama'ar da ta fi ta ƙauyuka da yawa.

Inda fim ɗin ya fi ƙarfi shi ne inda ya yi shiru ya bar ido ya gani. Ga budurwar nan kwance a bayan gida, kanta a cikin ƴar kwatarniyar roba ta wankan yara da aka zuba wa furanni, mai hoto ya matso da na'urarsa yadda ba za a ga komai ba sai fuska da fure, aka buga hoton aka ce a babban otel take tana hutawa. Ga murfin masai an riƙe shi a gaban allon da ke nuna sararin sama, ya zama tagar jirgi. Ga ɗakin da aka ƙera shi kamar cikin jirgin attajirai, ana hayarsa awa-awa don ɗaukar hoto, ba ya tashi ba ya sauka. Mai kallo zai yi dariya, kuma dariyar halal ce. Na nuna wa ɗaliban ajin ƙarshe wannan yanki a darasin nazarin hoto, ya yi mini aikin da bayanin mako biyu bai yi ba: sun gane cewa abin da aka yanke aka bar a wajen hoto shi ma magana ne.

Sai kuma abin da ya biyo baya, wanda shi ne zuciyar fim ɗin. Mutum biyu cikin ukun ba su kai ƙarshen gwajin yadda aka so ba. Mai tsara tufafin ya ƙi yarda da mabiyan bogi, yana goge sharhin da injin ke rubuta masa, yana cewa shi a san shi da abin da yake. Mai taimaka wa dillalin kuwa tsoro ne ya kama shi da wani ya fara tuhumarsa da sayen mabiya, ya ja da baya. Budurwar ce ta miƙa wuya, kuma ita abin ya yi wa aiki. Da lambarta ta hau, kamfanoni na gaske suka soma aiko mata da kaya na gaske kyauta don ta tallata, aka gayyace ta tafiye-tafiye, har masu ɗaukar ƴan wasa suka fara kallonta da wani ido. Mabiya na gaske ma suka biyo na jabun, domin ɗan Adam yana son ya tsaya inda ya ga taro. A nan Bilton ya tabbatar da abin da ya yi niyya: lambar ƙarya tana sayen riba ta gaskiya.

Duk malamin adabi da ya kalli wannan zai tuna da Gogol. A littafinsa na matattun rayuka, wanda ya fito a 1842, wani ɗan damfara yana zagaya ƙauyukan Rasha yana sayen sunayen bayin gona da suka mutu amma ba a goge su daga rajistar ƙidaya ba, don ya jinginar da su ya karɓi bashi. Mutanen babu su, amma takarda ta ce akwai su, kuma takardar ce hukuma ke karantawa. Abin da ya sauya daga wancan zamani zuwa yau shi ne saurin aikin da arharsa.

To amma da yake sharhi muke yi, ba talla ba, dole a faɗi inda fim ɗin ya gaza, kuma a ganina ya gaza a wuri mai muhimmanci. Bilton ya ɗora kusan dukan nauyin labarin a kan matasa masu son a san su. Su ake nunawa suna layi a gaban wani bango mai launin ruwan hoda a Los Anjalas don ɗaukar hoto, su ake yi wa dariya, su ake tausayawa daga sama. Muryarsa a bayan hotunan murya ce ta babba mai girgiza kai a kan yaran zamani. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, kuma mu malamai mun san daɗinta fiye da kowa, shi ya sa ya kamata mu yi hattara da ita. Son suna ba sabon ciwo ba ne, kuma ba laifi ba ne a kansa. Budurwar da ke cikin fim ɗin aiki take nema. An nuna mata cewa ƙofar aikin lamba ce ke buɗe ta, ta nemi lambar. Tambayar da ta fi wuya ita ce wa ya mayar da lamba mabuɗi, kuma wa ake cuta idan an yi jabun mabuɗin. Fim ɗin ya taɓa wannan tambaya, amma bai zauna a kanta ba.

Alhali amsar tana nan a rubuce tun kafin a ɗauki fim ɗin. A watan Janairu na 2018 jaridar New York Times ta fallasa wani kamfani mai suna Devumi, wanda yake da shafukan inji kimanin miliyon 3.5, yana sayar da su ga wannan da wancan, har jimillar mabiyan Twitter da ya sayar ta haura miliyon 200. Cikin masu saye akwai ƴan wasa, da ƴan siyasa, da ƴan kasuwa, da ƴan jarida, wato manya masu gemu, ba yara ba. Abin da ya fi muni, dubban waɗannan shafuka an gina su ne da sunaye da hotunan mutane na gaske, har da ƙananan yara, waɗanda ba su san cewa wani inuwarsu yana yawo a duniya yana tallata abin da ba za su taɓa yarda da shi ba. A 2019 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta ɗora wa mai kamfanin hukuncin dala miliyon 2.5, kuma a 2024 hukumar ta fitar da ƙa'ida mai hana saye da sayar da mabiyan bogi don yaudarar kasuwa. Waɗannan mutanen da aka sace wa fuska, su ne ya kamata su sami kujera a fim ɗin. Akwai kuma waɗanda ke tsaron injinan: a 2017 ƴan sandan Tailan suka kama wasu ƴan ƙasar Sin uku a wani gida da salula kusan 500 jere da katunan waya sama da dubu 300, aikinsu kawai su ƙara wa kayan talla alamun so. Hoton wannan ɗaki ya fi murfin masai faɗin gaskiyar sana'ar.

Akwai wani nau'in aikin inji da fim ɗin bai tsaya a kansa ba, kuma a wurina ya fi sayen mutum-mutumi ban takaici. Mutum ya ba wata manhaja mabuɗin shafinsa, ita kuma ta dinga bin dubban mutane da sunansa dare da rana, tana danna musu alamar so, tana ajiye musu gajeren yabo iri ɗaya. Wasu cikinsu, don kunya ko jin daɗi, su rama biki su bi shi. Bayan kwana biyu manhajar ta janye bin da ta yi musu a asirce, su kuwa suna nan. Ɗaya daga cikin sanannun irin waɗannan, Instagress, an rufe ta a 2017 bisa matsin Instagram, amma ire-irenta ba su ƙare ba. A nan mabiyan mutane ne masu rai. Gaisuwar ce ta jabu. Ga al'ummar da ta ɗauki gaisuwa da rama ziyara a matsayin bashi, wannan kamar a aiko inji ya yi maka barka da haihuwa ne don ka zo sunan ɗansa.

Su kansu kamfanonin shafukan fa? Sukan yi shara lokaci-lokaci. A Disamba 2014 Instagram ya share shafukan bogi, mawaƙi Justin Bieber ya wayi gari ya rasa mabiya kimanin miliyon 3.5, Akon kuma ya rasa fiye da rabin nasa. A Yuli 2018 Twitter, wanda aka sauya wa suna zuwa X a 2023, ya yi tasa sharar, manyan mutane da dama suka rasa miliyoyi. Adalci ne a ce rasa mabiya a irin wannan shara ba hujja ba ce cewa mutum ya saya, domin mutum-mutumi kan bi shahararru da kansa don ya yi kama da mutum. Facebook kuwa ya sanar da cewa a watanni uku na farkon 2019 kaɗai ya rufe shafukan bogi sama da biliyon biyu. Sai dai mai shara ɗin shi ne ya kafa lambar a saman kowane shafi da manyan baƙaƙe, shi ne ya tsara lissafin da ke ƙara nuna wanda aka riga aka gani, kuma shi ke sayar wa masu talla yawan jama'a. Wanda ya zuba zuma a tsakar gida ba ya mamakin ƙuda.

Yanzu bari in zo inda na fi so a yi muhawara da ni. Wani zai ce: to mene ne sabo? Ai sayen yabo tsohon abu ne. Gaskiya ne, kuma malamin Faransanci ba zai musa ba. A Paris ta ƙarni na 19 akwai sana'ar ƴan tafi na haya a gidajen wasan kwaikwayo, har da ofishinsu tun wajejen 1820. Suna da shugaba, suna da rabon aiki: masu dariya a wurin barkwanci, masu share hawaye a wurin tausayi, masu ihun a maimaita. Balzac ya zana irin wannan shugaban ƴan tafi a «Illusions perdues». A gidanmu ma, wa zai ce maroƙi kyauta yake wasa mutum? Sanƙira yana ɗaga muryar abin da aka bayar, mawaƙi yana da ƴan amshinsa, mai kuɗi yana yin liƙi a ambaci sunansa da na kakansa.

Amma a duba bambancin da kyau. A dandalinmu ana biyan maroƙi a gaban kowa. Kyautar ma sanar da ita ake yi, don haka duk mai sauraro ya san farashin yabon da yake ji, ya rage abin da zai rage a ransa. Na biyu, maroƙi mutum ne mai baki biyu. Bakin da ya yi kirari yana iya yin zambo, kuma tsoron zambon nan shi ne ya sa yabonsa yake da daraja. Marowaci da azzalumi sun san ba su da tabbas a kansa. Na uku, kuma mafi girma, ana iya sayen mai yabo amma ba a sayen masu sauraro. Su suna nan da kunnensu, in waƙa ba ta yi ba su watse. Ko ƴan tafin Paris sai sun zauna a cikin ɗaki guda da mutanen da suka sayi tikiti da kuɗinsu, waɗanda ke iya yi musu ihu. Ku dubi kokowar gargajiya, wadda ake gasarta ta ƙasa tun 1975 da aka fara a Tawa: ɗan kokowa ya shigo da makaɗansa, da layunsa, ya yi kirari har ƙasa ta girgiza, amma takobi ba ya zuwa hannunsa sai ya kayar da mutum a gaban dubban idanu. Injin mabiya ya tsallake duk wannan. Shi masu sauraron yake ƙerawa, ya jera su, ya ƙirga su, ya miƙa wa wanda ba ya wurin ya ce ga shaida. Mutum-mutumi ba ya zambo, ba ya gajiya, ba ya tashi ya bar fili.

Wannan ne Bilton bai kai gare shi ba, domin ya ɗauki matsalar a matsayin ta shahara, alhali ta shaida ce. Wanda ake ruɗa shi ne na ukun da ba ya cikin hoton: mai kamfanin da zai ba da talla, mai shirya bikin da zai gayyata, ɗan jaridar da zai rubuta cewa wane ya karɓu, kwamitin malamai da ke zaune da sunaye biyu. Kuma wanda ake zalunta shi ne mai fasahar da bai saya ba. A fagen waƙa ma abin ya wuce suna ya kai ga aljihu. Cibiyar kiɗa ta ƙasar Faransa ta fitar da bincike a farkon 2023 wanda ya gano cewa a 2021 tsakanin biliyon ɗaya da biliyon uku na sauraren waƙoƙi ta intanet a ƙasar na bogi ne, wato kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari, kuma wannan abin da aka iya ganowa ne kawai. Tun da yawancin waɗannan dandamali tukunya ɗaya suke tara kuɗi su raba gwargwadon yawan saurare, kowane saurare na inji loma ce da aka ɗebe daga kwanon wani. A Satumba 2024 aka gurfanar da wani mawaƙi a Amurka bisa zargin ya ƙera dubban ɗaruruwan waƙoƙi da kwamfuta, ya sa injina suna saurarensu, ya karɓi sama da dala miliyon 10. Waƙar inji, kunnen inji, kuɗin mutane.

Ƙarshen fim ɗin ya zo da annobar korona, wadda ta katse ɗaukarsa a 2020, kuma an ji alamar gaggawa a yadda aka naɗe shi. An bar mutanen uku kusan a tsakar hanya, aka rufe da nasiha. Gwajin kansa ma ba shi da ƙarfin da aka ba shi: mutum uku ne, ɗaya ce kawai ta bi shi har ƙarshe, kuma tana da masu hoto, da masu kwalliya, da kuɗin shirin fim a bayanta, abin da mai sayen mabiya na jika biyar a ɗakinsa ba shi da shi. Duk da haka ina ba ƙungiyoyi da malaman lise shawarar su neme shi, su nuna shi yanki-yanki, su tsayar da shi su yi tambaya. Da Ingilishi yake, don haka sai malami ya shirya fassara, kuma akwai wuraren da ya kamata ya fara kallo shi kaɗai kafin ya kai aji. Darasin da ya fi amfani bayan kallo shi ne a buɗe shafi guda tare da ɗalibai a auna: mabiya nawa, sharhi nawa, da wane harshe aka yi sharhin, daga waɗanne ƙasashe, shin maganar ta dace da hoton ko yabo ne da zai hau kan kowane hoto, kuma lambar a hankali ta hau ko dare ɗaya ta yi tsalle.

Mun yi wannan awon a zama na gaba a kan shafin saurayin nan. Ba mu ga abin da zai sa mu ce ya saya ba, ba mu kuma ga abin da zai sa mu rantse bai saya ba, kuma ba na son a karanta wannan sharhi a matsayin tuhuma a kansa. Abin da ƙungiya ta yanke shi ne a tura mutum biyu su je bikin auren da aka ce zai yi wasa ranar Asabar, su tsaya a baya, su ga ko mutane suna tashi rawa. Aka zaɓi matashin malamin mai salula, aka zaɓe ni.